Yau Mota Tana Misin, Gobe Ta Daina: Tambayoyi da Amsoshi Kan Injin Tsohuwar Mota

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu tsofaffin motoci ke maimaitawa a bakin gareji, musamman masu Corolla, Camry, Accord, Golf da Peugeot da suka haura shekara goma sha biyar a kan titi. Magana ce a kan injin fetur. Na dizal ba shi da fulogin da ke ba da wuta, hanyar bincikensa daban take.

1. Wai mene ne ainihin misin?

Yawancin ƙananan motocinmu silinda huɗu gare su. Kowace silinda tana shaƙar iska da fetur, fistin ya matse su, fulogi ya ba da wuta, su ƙone su turo fistin ƙasa, hayaƙin ya fita ta salansa. Silindojin suna karɓa-karɓa ne, a mafi yawan injina a jere kamar haka: 1, 3, 4, 2. Duk lokacin da layi ya zo kan wata silinda ta kasa ƙone abin da ta shaƙa, shi ne misin. Sauran ukun ne za su ja ta, shi ya sa kake jin mota tana ɗingishi.

Abu uku silinda ke buƙata: wuta mai ƙarfi a daidai lokacinta, haɗin mai da iska daidai gwargwado, da kuma matsi. Haɗin da injin fetur ya fi so shi ne nauyin iska 14.7 a kan nauyin fetur 1. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowace silinda tana kama wuta sau 25 a daƙiƙa. Ka ga ke nan ko sau biyu ko uku ta kuskure a cikin ɗari, ƙafarka da ke kan totur za ta ji.

2. Yaya zan gane misin ne, ba wata jijjigar daban ba?

Ka bar motar a sulo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ka zagaya baya ka kara tafin hannunka kusa da bakin salansa, ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Lafiyayyen inji numfashinsa a jere yake. Mai misin kuwa za ka ji yana yi yana tsallakewa, fut-fut-fut, shiru, fut. Allurar juyin inji ma kan ɗan yi rawa.

Akwai abubuwan da ke sojan gona. Robar da inji ke zaune a kanta idan ta tsage, mota takan yi karkarwa da zarar ka sa giya kana taka burki, amma numfashin salansa yana nan daidai. Jijjigar da ke zuwa a sitiyari daga gudun kilomita 90 zuwa sama, wadda ba ta damu da ko ka taka totur ko ka saki ba, ta taya ce. A motoci masu giyar otomatik kuma akwai wata rawa da ke zuwa tsakanin gudun 60 da 80, kamar ka hau kan ƙananan kunyoyi, wadda daga akwatin giya take. Wannan ta ƙarshe ta sa mutane da yawa sun sayi kwayil, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, a banza.

3. Me ya sa da na kai ta gareji sai ta daina?

Saboda abin da ya lalace bai gama mutuwa ba. Kwayil mai tsaga ƙarama yana aiki lafiya lau a sulo, sai an ɗora wa inji kaya yake gazawa. Waya mai sako-sako sai an faɗa rami take rabuwa. Sensa mai ciwo sai ta ɗauki zafi. A gareji kuwa mota a tsaye take, bonet a buɗe, iska tana shiga, babu fasinja babu hawa. Bakanike ya taka totur sau uku, inji ya yi ƙara mai daɗi, ya ce, "Alhaji, ai motar nan ƙalau take." Ba ƙarya ya yi ba, a lokacin ƙalau ɗin take.

Na taɓa shan wannan da wata tsohuwar mota da nake zirga-zirga da ita tsakanin Kano da Zariya. A cikin gari ba ta taɓa yi min ba. Sai na yi tafiyar minti arba'in, na fito zan wuce tirela, ta fara fizga kamar ana riƙe ta ta baya. Fulogi saiti biyu na saya, aka wanke nozul masu fesa wa inji fetur, aka canza famfon mai, duk kamar an shuka dusa. Ranar da aka kama ɓarawon, yaron gareji ne na ɗauka muka hau hanya, tana fara yi muka tsaya a gefen titi muka zare kwayil ɗaya bayan ɗaya. A jikin farin tangaran ɗin fulogi na uku akwai wani siririn layi mai ruwan toka, kamar an ja da fensir, daga sama har ƙasa. Ta nan wutar ke sulalewa.

Ciwon da ke zuwa yana tafiya ba a kama shi sai yana tsaka da yi. Don haka aikin farko naka ne, ba na bakanike ba, kamar yadda za ka gani a tambaya ta 4.

4. To me zan riƙa lura da shi kafin in koma wurin bakanike?

Ka yi mako ɗaya kana rubutawa a waya ko a takarda. Duk lokacin da ta yi, ka rubuta: inji da sanyi ko da zafi, a tsaye ko ana tafiya, gudun nawa, kana taka totur ko ka saki, AC a kunne ko a kashe, man da ke tanki ya kai ina, an yi ruwa ko ba a yi ba. Lokacin da take yi shi ne bakin zaren.

Idan sai ka taka sosai, ko a hawa, ko da kaya, to zargi na farko yana kan wuta: fulogi, kwayil, waya (tambaya ta 8 da ta 9), sai famfon mai ya biyo baya (ta 11). Idan a sulo take yi, da ka taka ta washe, ka nemi inda iska ke satar shiga (ta 12) ko bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi na silinda (ta 14). Idan da asuba ce kawai, minti ɗaya ko biyu ta daina, ka karanta ta 12 da ta 14. Idan sai ta yi zafi, ta 13. Bayan ruwan sama ko wankin inji, ta 10. Idan kuwa daga fitowarka gidan mai abin ya fara, ai ruwa ba ya tsami banza, ka duba ta 11.

5. Zan iya ci gaba da hawa a haka?

Idan jefi-jefi take yi, fitilar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ba ta ƙiftawa, za ka iya lallaɓa ta na 'yan kwanaki kana bincike. Amma idan fitilar tana ƙiftawa, ba kunnuwa kawai ta yi ta tsaya ba, ka sassauta ƙafa nan take. Ma'anarta ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana ƙonewa a cikin tukunyar tace hayaƙi da 'yan gareji ke kira indomi. Zafin yana iya narkar da ita ta toshe, mota ta daina ja gaba ɗaya. Bayan haka fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bakin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa. Ka zaro sandar awon bakin mai ka shinshina. Idan warin fetur ya yi yawa, a yi juye da zarar an gama gyara.

6. An ce in sa ta a kwamfuta. Motata ba ta tsufa da wannan ba?

Ya danganta da inda aka ƙera ta domin sayarwa. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da tsarin OBD-II, wanda ta nan ake haɗa mota da kwamfutar bincike. Na Turai masu fetur, waɗanda muke kira 'yan Baljiyam, an wajabta musu irinsa daga 2001. Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, za ka ga soket mai ramuka 16. Idan akwai shi, karen bana shi ke maganin zomon bana.

Ga ciwo mai zuwa yana tafiya, na fi son mai mota ya mallaki 'yar ƙaramar na'urar nan ta ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ba ta kai babbar kwamfutar gareji ba, amma tana da fifiko ɗaya: tana cikin motar a lokacin da abin ke faruwa. A ba wanda ke zaune a gefe wayar, kai ka kula da titi. Kuma rashin kunnuwar fitila ba shaida ba ce, domin ƙwaƙwalwar mota takan ajiye lamba a matsayin wadda take jira ta tabbatar kafin ta kunna fitila. Ka tabbata ma fitilar tana nan: idan ka murɗa makulli kafin ka tayar, dole ta haska. A wasu motocin da aka saya na hannu, an riga an cire ƙwan.

7. Kwamfuta ta nuna P0300 ko P0302. Me suke nufi?

P0301 misin ne a silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har zuwa adadin silindojin motar. Wannan labari ne mai daɗi, domin an nuna maka ɗakin da ɓarawo yake, saura ka bi hanyar musanya da ke tambaya ta 9. P0300 kuwa tana nufin misin ɗin yana yawo ko ya shafi silinda fiye da ɗaya, don haka sai a nemi abin da duk suke tarayya a kai: famfon mai, ingancin fetur, satar iska, distirbuta mai rarraba wa fulogi wuta, sensar karanshaf mai auna juyin inji. Idan P0171 ta zo tare da ita, mai ya yi ƙaranci a haɗin, ka tafi tambaya ta 11 da ta 12. P0335 ta sensar karanshaf ce, P0340 ta kamshaf.

Lambar tana faɗa maka inda ciwo yake ne, ba ta faɗa maka abin da za ka saya ba. P0302 ba ta ce kwayil ba, ta ce silinda ta 2. Kuma kada ka bari a goge kafin ka ɗauki hoton allon. Tare da lambar, ƙwaƙwalwar mota tana ajiye yanayin da inji yake ciki a daƙiƙar da ta kama matsalar: zafin ruwa, juyin inji, gudun mota, nauyin da ke kansa. Masu sikanin da yawa suna danna gogewa su ce an gyara, alhali shaidar kawai suka share.

8. Ba fulogi ba ne kawai? Ai shi kowa ke fara canzawa.

Sau da yawa shi ne, kuma shi ya fi araha, don haka ba laifi a fara da shi. Amma kafin a jefar da tsofaffin, a jera su yadda suka fito, 1 zuwa 4, a dube su. Baki mai launin ƙasa-ƙasa ko toka lafiya ne. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, inji yana shan bakin mai. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Idan ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa, silindarsa ce mai laifi. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi da sabulu alhali sauran suna da datti, ka karanta tambaya ta 14.

Tazarar bakin fulogi a yawancin motocin nan tana tsakanin milimita 0.8 da 1.1, kuma tana buɗewa da tsufa. Tana buɗewa, wutar da ake buƙata tana ƙaruwa, kwayil yana wahala. Fulogi na gama-gari yakan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000, na iridiyam yakan kai 100,000. Jabun NGK da Denso sun cika kasuwa, kwalinsu har ya fi na asali sheƙi. Idan an ce maka iridiyam ne amma kuɗinsa bai wuce na gama-gari ba, araha ba ta ado. A nemi lambar da kamfani ya rubuta wa injin, ba "duk wanda ya shiga" ba.

Ka haska tocila cikin ramin kafin a kwance. Idan fulogin yana zaune cikin bakin mai, robar murfin saman inji ce ta saki, kuma man yana jiƙa robar kwayil har wuta ta riƙa bi ta gefe. Sabon fulogi a cikin wannan ramin kwana kaɗan zai yi.

9. Yaya ake gane kwayil ɗin da ke gazawa ba tare da an sayi huɗu ba?

A motocin da kowane fulogi ke da kwayil ɗinsa a ka, irin Corolla ta 2003 zuwa sama da Accord mai silinda huɗu ta 2003 da ake kira EOD, gwajin kyauta ne. A ce kwamfuta ta nuna silinda ta 2. Ka ɗauke kwayil ɗinta ka kai ta 4, na 4 ya dawo 2. Fulogin ta 2 kuma ka musanya shi da na ta 1. Yanzu a goge lambar, ka hau motar a irin yanayin da take yi. Idan ta dawo da P0304, kwayil ne. P0301, fulogi ne. Idan ta nace a kan P0302, to duka biyun ba su da laifi, saura nozul, wayarsa, ko cikin silindar. Ka sa alama da fenti ko tef a jikin kowanne kafin ka fara, don mantuwa ba ta da wuya.

Camry mai injin 2.2 ta 1997 zuwa 2001 kwayil biyu gare ta, ɗaya yana ba 1 da 4, ɗayan 2 da 3. Idan lambobin suka fito bibbiyu a haka, ka san inda za ka duba. Auna kwayil da mita yana da amfani idan ya mutu murus, amma wanda zafi ko nauyi ke kayarwa yakan ba da awo mai kyau a kan teburi.

Game da layin tokar da na ambata a tambaya ta 3: idan ka gan shi a jikin fulogi, akwai ɗan'uwansa a cikin robar kwayil. Dole a canza su tare. In ka canza ɗaya, tsohon zai sake zana wa sabon hanya.

10. Da damina take yi, ko bayan an wanke inji. Me ya haɗa ruwa da misin?

Wutar fulogi takan kai bolt 20,000 zuwa sama, kuma kullum hanya mafi sauƙi take nema. Danshi a kan tsohuwar waya ko tsagaggen murfin distirbuta hanya ce. Masu Golf 3 sun san wannan, domin jikin kwayil ɗinta yakan tsattsage da tsufa. Masu Accord ta kafin 2003 mai silinda huɗu kuma su buɗe murfin distirbuta su duba danshi, tsaga, koren tsatsa a kan ƙarafan, da bakin mai da ke tsattsafowa ta ciki.

Gwajin da na fi yarda da shi na dare ne. Bayan isha'i, a wuri mai duhu, ka tayar da mota, ka fesa ruwa kaɗan-kaɗan da kwalbar feshi a kan wayoyin da kwayil. Inda ke yoyo za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle, ka ji tas-tas, inji ya yi tuntuɓe. Hannunka da hannun rigarka su yi nesa da fanka da bel. Su kuma masu wankin mota, ka hana su saita bakin injin feshi a kan kwayil da soket-soket.

11. Fetur fa? Yaya zan san daga mai ne?

Gurɓataccen mai ba tatsuniya ba ne. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol Najeriya, motoci da yawa suka lalace, hukumomi suka janye shi daga kasuwa. Na yau da kullum shi ne ruwa da datti, daga tankin ƙasa na gidan mai da damina ko daga jarkar 'yan bumburutu. A zuƙo kaɗan a zuba a farar kwalba a ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa, ka ga layinsa.

Famfon mai a cikin tanki yake, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafi a 2023 mutane da yawa lita biyar-biyar suke sha, allura kullum a ja. Famfon da ke aiki a haka yana gajiya, kuma a kwana ko hawa yakan zuƙi iska. Idan misin ɗinka yana ɓacewa duk ranar da tanki ya haura rabi, ka samu amsa. Amma jin kukan famfo ko ganin mai yana fita da an cire tiyo ba gwaji ba ne. A ɗaura agogon awon matsi. Yawancin motocin nozul na wancan zamani suna aiki a wajen 3 zuwa 3.5 a ma'aunin bar, kuma abin dubawa shi ne ko yana faɗuwa idan an taka. A canza filtar mai ma, in motar tana da ta waje.

Nozul guda ɗaya idan ya toshe, silinda ɗaya zai shafa. Ka ɗora bakin dogon sukundireba a jikinsa, ka kara kunne a ƙotar: mai aiki yana ƙas-ƙas-ƙas a jere. Ana musanya shi da na wata silinda kamar yadda ake yi wa kwayil a tambaya ta 9.

12. Bakanike ya ce tana "shan iska". Gaskiya ne?

Zai iya zama gaskiya. Ƙwaƙwalwar mota tana auna iskar da ta shigo ta ba da mai daidai da ita. Idan wata iska ta shigo ta bayan fage, ta tsagaggen tiyo ko gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, haɗin zai tsinke. A sulo abin ya fi tsanani, domin iskar da inji ke sha kaɗan ce, ta satar kuma ta zama kaso babba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 an san ta da wannan: gasket ɗin manifol yana ƙanƙancewa da sanyi, ta yi karkarwa da safe, inji na ɗumama ya kumbura ya rufe. Da hunturu abin ya fi fitowa. Ka lanƙwasa babban tiyon da ke tsakanin filtar iska da totur, tsagar takan ɓuya a cikin lanƙwasar ta ƙasa.

Na'urar da aka ambata a tambaya ta 6 tana nuna kason man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa. Ƙasa da kashi 10 ba damuwa. Idan ƙarin ya haura haka a sulo amma ya sauko da ka taka, satar iska ce. Idan a sulo daidai yake, sai an taka yake hawa, to famfo ne ko sensar awon iska. Ƙurar hunturu tana rufe siririyar wayar da ke cikin sensar, musamman idan filtar iska ta huje ko an saba kakkaɓe ta a mayar. Da maganin feshinta na musamman ake wanke ta, ba a taɓa ta da tsumma ko buroshi.

13. Sai ta yi zafi take yi, wani lokaci har ta mutu, in ta huce ta tashi.

Wannan halin kayan lantarki ne. Siririyar wayar da ke naɗe cikin sensar karanshaf ko kwayil tana buɗewa da zafi, ta haɗe da sanyi. Idan a lokacin fizgar allurar juyin inji tana faɗuwa kwatsam kamar an ɗauke wuta, sensar karanshaf ko igniyar wutarta ce abin zargi, ba silinda ɗaya ba. A Honda na shekarun 1990 akwai babban rile, wato makunnin da ke ba famfon mai wuta, a ƙarƙashin dashbod da dalmarsa ke tsagewa, ga kuma na'urar kunna wuta da ke cikin distirbuta. Dukansu sun fi nuna hali a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da mota ta wuni a rana.

Kada a manta da abubuwa masu arha. Kan batir mai sako-sako, wayar at, wato mai mayar da wuta batir, da ke tsakanin inji da bodi wadda ta yi tsatsa, soket ɗin da aka ɗaure da leda. Da inji yana aiki, mai rewaya ya bi wayoyin yana girgiza su ɗaya-ɗaya. Inda inji ya yi tuntuɓe, nan ne. A auna caji kuma, ya kamata ya tsaya tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

14. Yaushe ne za a ce matsalar a cikin inji take?

Idan an musanya fulogi, kwayil da nozul, amma misin ya ƙi barin silinda ɗaya. Sai a auna matsin kowace silinda. Lafiyayyen inji yakan ba da 150 zuwa 200 a ma'aunin PSI, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kusancin huɗun: kada mafi ƙanƙanta ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga bakin mai kamar cokali ɗaya a ramin a sake aunawa. Ta hau, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket.

Tsofaffin injinan Honda da hannu ake saita bawul ɗinsu, kuma na fitar hayaƙi sukan matse da tsufa. Matsattsen bawul ba ya ƙara, shi ya sa ba a kula da shi, sai dai ya riƙa kawo misin a sulo, in an bar shi ya ƙone. Saitin aikin awa ɗaya ne da inji a sanyaye, ya fi sauke kan silinda sauƙi nesa ba kusa ba.

Gasket ɗin kan silinda idan ya fara saki, ruwa yana ɗiga cikin silinda da dare. Da safe mota ta tashi da karkarwa da farin hayaƙi, bayan daƙiƙa talatin ta washe. Alamominsa: ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, fulogi ɗaya ya fito fes, kumfa tana tasowa a bakin lagireto. Motar da ta taɓa tafasa ita ce ta fi shiga wannan. Murfin lagireto dai ba a buɗe shi da zafi.

15. Tawa mai kafireta ce, babu kwamfuta. Ina zan fara?

Irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, kunne da ido su ne kwamfutarsu. A sulo, a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. Silindar da aka zare wa waya inji bai canza murya ba, ita ce ba ta aiki. Wannan gwajin na masu kontak ne, wato ƙarfen da ke buɗewa da rufewa cikin distirbuta don ba da wuta. A motar nozul soket ɗin nozul ake cirewa, don zare wayar wuta yana iya ƙona kwayil. Daga nan a duba kontak, tazararsa wajen milimita 0.4, da kwandensa wadda takan gaza da zafi, da sandar distirbuta ko tana lilo. A kafireta kuma datti a kofin mai yakan taso ya toshe jet ya koma ya kwanta, abin da ke sa ta shaƙe yau gobe ta saki.

16. Tun da na mayar da ita mai gas take yi, amma a fetur lafiya lau.

Gas ɗin CNG ya fi fetur wuyar kamawa, yana buƙatar wuta mai ƙarfi. Fulogi ko kwayil da ke lallaɓawa a fetur, gas yana tona masa asiri. A fara da sabon fulogi na ƙwarai da duba kwayil kamar yadda yake a ta 8 da ta 9, sannan a koma wurin waɗanda suka haɗa gas ɗin su duba filtarsa, matsinsa da saitin kwamfutarsa. Maɓallin sauyawa ma kayan bincike ne: idan tana yi a gas da fetur duka, famfon mai da nozul ɗin fetur sun fita daga zargi. A riƙa duba saitin bawul da wuri fiye da da.

17. Bakanike ya ce a canza fulogi, kwayil huɗu, nozul da famfo gaba ɗaya. In yarda?

Ka tambaye shi cikin girmamawa, "Oga, wanne gwaji ne ya nuna wannan?" Bakaniken ƙwarai ba ya jin haushin tambayar, zai ma nuna maka. Idan an canza abu biyar rana ɗaya mota ta warke, ba ka san wanne ne ba, ka biya kuɗin huɗu a banza. Idan ba ta warke ba, an ƙara maka sababbin abubuwan zargi biyar, domin sabon kaya na kasuwa ba lallai ya fi tsohon na asali da aka cire ba. Kwayil ɗin asali na hannu sau da yawa ya fi sabo marar suna daɗewa.

A yi abu ɗaya, ka hau ta kwana biyu a yanayin da ka rubuta a tambaya ta 4, sannan a matsa gaba. Ka biya kuɗin bincike daban, ko da ba a canza komai ba, don mai gyaran da ya san ba zai samu ko sisi ba sai ya sayar maka da kaya, kaya zai sayar maka. Duk abin da aka cire a saka maka a leda a but, da alamar silindar da ya fito. Idan kuma maganar sauke inji ta taso, a fara kawo agogon awon matsi, ka tsaya a wurin, ka rubuta lambobin huɗu da hannunka.